A Ce Wa Wancan

Shekarun baya, tun kafin in ajiye iyali, saura ƙiris ruwa ya ci ni a dam ɗin Kusada. Waɗanda suka san ni ido da ido sun sha tambayata game da tabon da ya zagaye wuyan hannuna na dama. Nakan ce masu igiya ce, in canza magana. To, igiyar ce kuwa, ban yi ƙarya ba, sai dai labarin ya fi haka tsawo. Yau na ji ina son in ba ku shi gaba ɗaya.

Ni ɗan fari ne. Wanda ya tashi a ƙauyukanmu ya riga ya gane inda na dosa, amma saboda yaran yanzu bari in ɗan yi bayani. A wajenmu iyaye suna kunyar ɗansu na fari. Ba su kiran sunansa, ba su wasa da shi, ba su nuna sun damu da shi a gaban mutane. Ana yaye ni kakata ta goya ni sai Kankiya. A hannunta na tashi, a can na yi makaranta, ƙauyenmu da ke kusa da dam kuwa sai an yi hutu nake zuwa.

Mahaifiyata da sauƙi. Ita ta samo wa kanta dabara, takan ce mani "ɗan tsohuwa", kuma idan ba kowa takan turo mani kwanon fura tana kallon wani gefen. Mahaifina ne bai san sassauci ba. Sunana a bakinsa shi ne "wancan". Ina zaune a tsakar gida, yana zaune, in na miƙa hannu zan iya taɓa tabarmarsa, amma sai ya dubi mahaifiyata ya ce, "A ce wa wancan shi kai awaki bayan gari." Ita kuma ta juyo ta maimaita mani daga farko, kamar ni kurma ne. Idan ba ta kusa sai ya nemi wani ɗan aiken. Idan babu kowa sam, ya dubi bangon zaure ya faɗa masa. Na taɓa ce wa abokina bangon nan ya fi ni samun hira da mahaifina, ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Ni ma na yi dariyar, amma ba ta kai zuci ba.

Abin da ya fi ci mani rai shi ne ƙanena da ke bi na. Shi kam sunansa ba ya hutawa a gidan. Da shi ake zuwa gona, da shi ake zama gindin bedi ana gyaran raga, da shi ake shiga ruwa. Mahaifina manomi ne, gero da dawa yake yi da damina, idan rani ya yi sai ya koma su, wato kamun kifi. Mu ba jinin ruwa ba ne tun asali. Dam ne ya zo ya same mu, ya cinye gonaki, su mahaifina suka koyi kamun kifi da girmansu a wurin baƙin masunta. Wataƙila shi ya sa yake tsoron ruwa fiye da waɗanda aka haifa a cikinsa. Duk abin da ya sani game da dam ɗin nan ya juye wa ƙanena. Ni bai taɓa koya mani ko ƙullin igiya ba, don ba a koyar da mutum ta bakin ɗan aike.

Na san al'ada ce. Kakata ta gaya mani, mahaifiyata ta gaya mani. Amma da na girma sai na yanke wa kaina hukunci cewa mutumin nan fakewa kawai yake yi da al'ada, gaskiyar magana ba ni a ransa. Na daɗe da wannan a zuciya, ya zauna ya yi nauyi.

Da na gama makaranta na ɗan yi zaman jiran tsammani, sai wani ɗan garinmu mai sayar da hatsi a Fatakwal ya ce in je in riƙe masa shago. Na amsa tun kafin ya rufe baki. Na gaya wa abokina cewa in na tafi na tafi ke nan, ko da Sallah sai dai a ga saƙo. Abokin nan nawa maƙwabcinmu ne a ƙauye, tare muke yawo duk hutu, mutum ne mai barkwanci, ba ya ɗaukar komai da zafi. Amma ranar sai ya dube ni ya ce, "Kai dai ka cika riƙo. Tsohon nan hwa bai ƙi ka ba."

Na ce, "In bai ƙi ni ba, ya san sunana?"

Ya ce, "To shi ya raɗa maka, ya za a yi shi manta?"

Na ce ya bar maganar.

Ana saura 'yan kwanaki in tafi, abokina ya ce lallai sai mun shiga dam mun yi bankwana da karfasa, don a cewarsa kifin Kudu duk gishiri ne. Ya aro kwale-kwalen kawunsa da birgi. Birgi ita ce ragar nan mai dalma a baki, wadda ake wurgawa ta buɗe a sama ta faɗa kan kifi. Tana da doguwar igiya, a ƙarshen igiyar akwai zarge da mutum yake zura hannunsa don kada ragar ta tafi ta bar shi. Abokina ne ya koya mani jifa, a bakin ruwa inda bai wuce gwiwa ba, kuma ina ji da kaina sosai a kan wannan jifar. Iyo kuwa na kududdufin Kankiya na iya, irin wanda ake yi ana taɓa ƙasa da ƙafa a ɓoye.

Ƙarshen bazara ne. An yi yayyafi sau ɗaya, kowa ya gyara gona yana kallon sama. Zafin ranar har numfashi yake tarewa. Ƙanena ba ya nan, ya tafi Kafin Soli karɓo irin shuka wurin gwaggonmu. Bayan azahar ina shirin fita, mahaifina yana gindin bedi, sai na ji ya ce wa mahaifiyata, "A ce wa wancan shi tuɓe doguwar rigar nan in jirgi za shi shiga. Shi ɗauki jarka kuma." Yana nufin jarkar da babu komai a ciki, mai murfi, wadda masunta ke riƙewa idan jirgi ya kife. Na tuɓe rigar, na ɗauki jarkar ina ƙunƙuni, na fita.

Mun shiga ruwa ba da daɗewa ba sai na hango shi ya turo nasa ƙaramin jirgin, shi kaɗai. Bai matso kusa da mu ba, bai kuma yi nisa ba. Na ce wa abokina, "Ka gani ko? Dam ɗin ma sai ya raba mana."

Da farko abin ya yi daɗi. Abokina yana baya da filafili yana tuƙi, ni ina gaba a tsaye ina jifa. Mun samu karfasa masu ɗan auki da tarwaɗa guda, abokina yana ta yi mani kirari wai sarkin ruwan Fatakwal. Akwai wasu jirage warwatse nan da can. A ɗaya gaɓar Fulani sun kawo shanu shan ruwa. Ruwan a kwance yake lumui, har mutum ya manta cewa yana da zurfi.

Wajen la'asar sai gabas ta haɗe. Ba mu lura da wuri ba, hira ta ɗauke mu. Abin da ya fara jawo hankalina shi ne Fulanin nan da suka fara kora shanunsu da sauri. Sai wata iska mai sanyi ta bugo, fuskar ruwan ta yamutse, jirage suka juya kowa ya nufi gaɓa. Abokina ya ce, "Zauna mu tahi, hadarin ga ba na wasa ba ne." Ya fara tuƙi da ƙarfi, amma iskar tana tura mu gefe, zuwa wani wuri da ba mu taɓa jifa ba.

A nan ne na ga ruwa yana tafasa da kifi a gabana. Ban taɓa ganin taro irin wannan ba. Abin da ban sani ba, kuma abokina bai lura ba saboda yana fama da filafili, shi ne iska ta kawo mu kan tsofaffin itatuwan kirya da dam ya haɗiye a tsaye. Kirya ba ta ruɓewa. Suna nan a ƙarƙashin ruwa da rassansu, kifi na taruwa a jikinsu, kuma duk ragar da ta faɗa kansu ba ta fitowa. Ƙanena ya san wurin tun yana ƙarami. An gaya masa cewa ko kusa da nan ba a zura hannu a zarge, riƙe igiyar ake yi, in ta maƙale a sake ta. Ni babu wanda ya taɓa gaya mani.

Na ce, "Jifa ɗaya, mu fita." Na miƙe, na gyara birgi a kafaɗa, zarge yana wuyan hannuna.

Mahaifina ya kusa gaɓa a lokacin, ya waiwayo ya ga inda muke, ya ga na miƙe. Na ji an ɗaga murya daga nesa, amma a irin wannan lokacin kowa ihu yake yi, ban kula ba. Sunan abokina ya kira. Abokina ya juya ya sa hannu a kunne.

"Na'am, Baba?"

"Ka ce wa wancan kada shi jefa!"

Iska ta kwashe rabin maganar. Abokina ya ce, "Mi ka ce, Baba?"

"Ka ce mai kada shi jefa! Kirya ce nan!"

Kafin abokina ya gane, ya juyo, ya buɗe baki, birgi tana sama. Na ga ta buɗe da kyau, jifar da ban taɓa yin mai kyanta ba. Ta nutse. Na ja, na ji ta tsaya cak. Na sake ja. A daidai nan iska ta bugi jirgin da ƙarfi ta yi gaba da shi, igiyar ta miƙe, sai kawai na ji ƙafafuna sun bar katako.

Ban san yadda zan kwatanta maku abin da ya biyo baya ba. Ruwan da muke gani kore daga sama, a ciki duhu ne. Na taso na shaƙi iska rabi ruwa rabi. Na hango jirginmu ya yi nisa, abokina yana tuƙi kamar zai karya filafili amma iska ta fi ƙarfinsa. Ya wurgo mani jarkar nan, ta faɗi nesa da ni, iska ta yi gaba da ita tana rawa a kan ruwa. Ga ni ɗaure da itace a ƙarƙashin ruwa. Ruwa yana tura ni gaba, igiya tana riƙe da ni, duk sanda ya taso sai ya rufe mani kai. Ni kuma abin da tsoro ya ba ni shi ne in ja. Ina ja, zargen yana ƙara shiga nama. Na kai hannun hagu in kwance, yatsuna suka kasa samun bakinsa.

Na sha ruwa har na daina jin ɗanɗanonsa. Ina jin hayaniya daga gaɓa, mutane suna ta ihu, amma babu kalma ɗaya da ta shiga kunnena. Ƙafafuna suka yi nauyi. Na tuna kakata. Na yi ƙoƙarin yin kalmar shahada, ruwa ya cika bakin. Wani irin sanyi ya sauko mani, na ji kamar in daina wahalar da kaina haka nan.

Sai na ji sunana.

Ba "kai" ba, ba "wancan" ba. Sunana na yanka, cikakke, da wata murya da ta tsage saboda ƙarfi. Na san muryar, na san sunan, amma ban taɓa jin su tare ba. Wallahi mamaki ne ya fara kama ni kafin komai. Na daina bugun ruwa, na ɗaga kai.

Mahaifina ne. Ya juyo da jirginsa cikin iskar nan da ta gagari saurayi, yana durƙushe yana tuƙi, hularsa ta tafi, bakinsa a buɗe. Ya sake kiran sunan, ya ce, "Dube ni! Bar ja! Bar jan igiyar nan!"

Na bari. Duk ihun da ake yi babu wanda na ji sai wannan.

"Matso wajen ragar! Bi igiyar, ta yi sako-sako!"

Hankali ba ya son komawa wajen abin da ke riƙe da shi, amma na bi. Igiyar ta ɗan saki, kaina ya fito sosai, na samu numfashi guda cikakke. Ya wurgo tasa jarkar. Tasa ɗaure take da igiya a jikin jirgi, da ta wuce ni sai ya jawo ta ya sake wurgowa, na rungume ta da hannun hagu. Ya matso har jirgin ya goge kafaɗata, ya kwanta rub da ciki don kada ya kife, ya kama hannuna na dama. Rabon da hannunsa ya taɓa jikina ban sani ba. Ya ciro wuƙa daga ƙugu ya yanke igiyar.

Na yunƙura zan hau, ya ce, "A'a! Kada ka hau, kifewa za mu yi. Koma baya ka riƙe gindin jirgi."

Na lallaɓa na riƙe. A lokacin ruwan sama ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ko gaɓa ba a gani. Bai yi gardama da iska ba, ya bar ta ta tura mu, shi dai yana daidaita kan jirgin. Yana tuƙi, bayansa nake gani, ba ya iya waiwayowa. Don haka bini-bini sai ya kira sunana, ya ce, "Kana riƙe?"

In ce, "Ina riƙe, Baba."

"To kada ka saki. Mun kusa gaɓa."

Can kuma ya sake kira. "Kana riƙe?"

Haka muka yi ta yi har ban san iyaka ba. Hannuwana sun mutu, haƙorana suna kaɗawa, jini yana fita daga wuyan hannuna, amma Allah ya sani akwai wani ɓangare na zuciyata da ba ya son mu isa. Sunan da na yi shekaru ina jira, ga shi ana ta ba ni shi ba ƙaƙƙautawa. Ina kuka a cikin ruwan nan, babu mai gani.

Ƙafata ta taɓa laka a can wani lungu nesa da inda muka shiga. Ya sauko ya ja ni zuwa tudu, ya kwantar da ni a gefe, na yi ta aman ruwa. Yana tsaye a kaina yana haki. Ba a jima ba sai ga abokina a guje, ya zagayo ta gaɓa, yana kuka wiwi yana salati, mutumin da ban taɓa ganin hawayensa ba. Mahaifina ya koma jirgi ya ciro wata leda da yake ƙulle busasshiyar riga a ciki. Ya tsaya da ita a hannu. Na ɗaga kai ina kallonsa. Sai ya miƙa wa abokina, ya kau da fuska, ya ce, "Ba wa wancan shi sa."

Ina kwance cikin laka, rabin rai, sai dariya ta kama ni. Abokina ya ɗauka ruwan ya taɓa mani kai.

Washegari da hantsi ina zaune an naɗe mani hannu da tsumma, sai na ji daga gindin bedi an ce, "Kai. Zo nan." Na waiwaya in ga da wa ake. Babu kowa a wurin sai ni. Na je na durƙusa. Bai dube ni ba. Ya ɗauki tsinke ya zana dam a ƙasa, ya fara nuna mani: nan kiryoyin suke, gonar wane ce a da, nan tsohuwar rijiya, nan hanyar rafi, ruwan wurin yana ja ta ƙasa. Ya ce jarka ba a ajiye ta cikin jirgi kamar kaya, ɗaure ta ake yi. Ya ce in gabas ta haɗe, ko kifi na tsalle yana faɗawa jirgi da kansa, a bar shi. Ya ce wuƙa a ƙugu take zama, ba a ƙasan jirgi ba. Ya daɗe yana magana, da ƙasa yake yi amma ni yake gaya wa, babu kowa a tsakaninmu. Mutumin da zai tafi Fatakwal sayar da hatsi, me zai yi da taswirar dam? Na zauna na haddace ta tsaf.

Ranar tafiyata mahaifiyata ta ba ni ƙullin bandar kifi. Ta saba magana da ni a taƙaice, amma ranar ta riƙe ƙullin ba ta saki ba. Ta ce, "Ɗan tsohuwa, ka san ranar nan ba kamun kifi ne ya kai shi ruwa ba? Tun da safe ya dubi sama ya ce yau ba ranar shiga ba ce. Da ya ga kun fita sai ya ɗauki filafili. Ko raga bai ɗauka ba."



Ta ce, "Da kuka dawo bai ci tuwo ba. Na tambaye shi, ya ce, 'Na tsaya neman ɗan aike, ɗana na shirin mutuwa.' Tun ranar da ya yi maka huɗuba a kunne ban sake jin sunan nan a bakinsa ba, sai da aka ba ni labarin ya kira shi a dam."

Na tafi Fatakwal kamar yadda aka shirya. Amma Sallar farko a gida ta same ni, haka ta biyu, haka duk wadda ta biyo baya. Abokina har yau yana tsokanata, wai ina mai cewa sai dai a ga saƙo.

Kada ku ɗauka mahaifina ya canza ya koma wani mutum. Da lafiyarsa dai bai sake kiran sunana ba. "Kai" ɗin nan dai ita ce, kuma har ya tsufa bai iya haɗa ido da ni ba. Abin da ya mutu a dam shi ne aike. Daga washegarin ranar, in yana da magana da ni, ni yake gaya wa. Ni kuma na daina auna shi da abin da bakinsa ya kasa faɗa.

Na sha tunani a kan wannan al'ada. Ba zan zage ta ba, don mutanen da suka riƙe ta ba marasa ƙauna ba ne, na gani da idona. Amma na san abin da ta kusa jawo mana. Ba a jifar nan kaɗai ba, tun shekarun da aka koya wa ƙanena inda kirya take aka bar ni. Ruwa ba ya jira a maimaita magana. Masu shiga dam, don Allah ku nemi rigar ceto, yanzu ana samu, in babu ku ɗaura jarka a jiki. Wanda ya san wuri ya gaya wa wanda bai sani ba, baki da baki, ko da surukinsa ne. Nawa ɗan farin kuwa ina kiran sunansa har ya gaji da amsawa. Mahaifiyata takan ce ba ni da ta ido, in ce mata na ji.

Shekaru bayan haka ciwo ya kwantar da mahaifina. Aka kira ni na taho. Kafin in iso hankalinsa ya fara gushewa, ba ya gane mutane sosai, yana kiran waɗanda suka daɗe da rasuwa. Ƙanena ya sunkuya ya ce masa, "Baba, ga Yaya ya iso." Bai nuna ya ji ba. Na zauna a bakin gado na sa hannuna cikin nasa, don yanzu babu sauran maganar kunya.

Yatsunsa suka yi ta lalube har suka kai wuyan hannuna. Suka tsaya a kan tabon. Na ji ya damƙe da wani ƙarfi da ban zaci ya rage masa ba. Idonsa a rufe, ya kira sunana, a hankali wannan karon. Mahaifiyata da ke zaune a ƙasa ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ya ce, "Kana riƙe?"

Na gane inda yake. Ya koma cikin ruwan nan, yana tuƙi, ni ina baya.

Na ce, "Ina riƙe, Baba."

Ya ce, "To kada ka saki. Mun kusa gaɓa."

Ban saki ba. Washegari bayan azahar ya cika, hannuna yana cikin nasa. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan naku da suka rigaye mu.